Sikanar Tana Cikin Kwali, Jiragenmu Suna Bakin Ruwa

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga ɗakin gwajin sashenmu ya san kabad ɗin nan mai gilashi da ke bayan teburin malamin ɗaki. A cikinsa akwai wani farin kwali da hoton na'ura a jikinsa. Shekara biyun da na yi a ND sau ɗaya tak na ga an buɗe shi, ranar da baƙi suka zo duba kayan aiki. Aka fito da na'urar, aka goge mata ƙura, aka ɗora ta a tebur, aka ce mu sa fararen riguna mu tsaya kusa da ita. Baƙi suka gyaɗa kai suka wuce. Kafin la'asar ta koma kwalinta. Sikana ce ta 3D, wato na'urar da ke kallon abu ta kwashe siffarsa gaba ɗaya, tsawo da faɗi da kauri, ta zuba a kwamfuta, har ka riƙa juya shi kana auna shi kamar yana hannunka.

Da na dawo HND sai buƙatarta ta kama ni. Ni ɗan Warra ne, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, a bakin tafkin Kainji. Kawuna yana da jirgin katako mai inji, yana ɗaukar mutane da kaya a ranakun kasuwa. Babban abin da ke cin kuɗinsa bayan mai shi ne farfela. Tafkin nan daji ne da ruwa ya cinye, kututturan itatuwa suna nan a tsaye a ƙarƙashinsa, idan ruwa ya ja baya sai farfela ta yi ta karo da su. Ta lanƙwashe ko ta guntule, a kai wa mai walda ya liƙa, a mayar, inji ya riƙa karkarwa yana shan mai. Na so furojet ɗina ya zama auna yadda farfelar da aka yi wa walda ta sha bamban da sabuwa. Na je na sami malamin ɗaki na gaishe shi, na faɗa masa buƙatata. Ya ce, “Ai ba ta aiki.” Na ce, “Malam, me ya same ta?” Ya ce, “Babu abin da ya same ta. Tun da aka kawo ta ba ta taɓa aiki ba.”

Wannan amsa ita ce dalilin rubutun nan. Na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne girka manhajarta a kwamfuta da daidaita ta. Ra'ayina, kuma ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta ɗauke shi da muhimmanci, shi ne wannan aiki da muke rainawa, na ɗora manhaja da saita ta, shi ne rabin na'urar. Makarantar da ta sayi sikana ba ta tanadi wanda zai tashe ta ba, kwali ta saya. Kuma ɗalibin foli da ya gama karatu bai taɓa tayar da na'ura daga kwali da hannunsa ba, an rage masa wani abu mai girma daga cikin abin da ya biya kuɗin makaranta dominsa.

Bari in ba ku labarin yadda muka tashe ta, don kada a ce ina magana ne a sama. Shugaban sashe ya ba mu izini, ni da wani abokina, bisa sharaɗin malamin ɗaki yana wurin. Mun ɗauka aikin yini ɗaya ne. Sai da muka kwashe mako uku.

Cikas na farko kwamfutar da aka kawo tare da na'urar. Kwamfutar ofis ce, irin ta buga takardu, ram ɗinta gigabait 4, ba ta da katin hoto na musamman. Manhajar sikana kuwa aikinta lissafi ne mai nauyi. Na'urar tana watsa zanen haske a jikin abu, kyamarorinta biyu suna kallon yadda zanen ya karkace, manhaja tana lissafa nisan kowane ɗigo daga wannan karkacewar. Dubban ɗaruruwan ɗigo ne ke shigowa cikin ɗan lokaci, dole kwamfuta ta riƙe su ta jera su. Shi ya sa mafi yawan kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan na'urori suke neman ram gigabait 16 ko fiye, da katin hoto na NVIDIA. Wannan bayani yana shafin farko na littafin da ke cikin kwalin. Wanda ya rubuta takardar sayen kayan bai karanta shi ba, wanda ya kawo bai damu ba, wanda ya karɓa ya ƙirga kwalaye ya ga sun cika ya sa hannu.

Abokina yana da laftof ta hannu, irin ta masu wasan gem, ita ta cece mu. Faifan da ya zo da na'urar tsohuwar manhaja ce a ciki, laftof ɗin ma ba ta da wurin sa faifai, don haka sai mun sauko da sabuwa daga intanet. Fiye da gigabait ɗaya. Muka sayi data ta dare, muka kwana a kai, sau biyu tana katsewa ana gab da gamawa. Da ta sauka muka girka, muka jona na'urar, manhaja ta ce ba ta ganin komai. Kwana biyu muna kan wannan. Ashe abu biyu ne. Akwai ƙaramar manhaja da ake kira direba, ita ce tafinta tsakanin na'ura da kwamfuta, kuma Windows ta tare ta tana neman izinin mai gida, mu kuma mun danna mun wuce ba mu karanta ba. Na biyu, mun soka wayar a kafar USB ta da, alhali hotunan da kyamarori biyu ke turowa sai kafa ta 3.0, wadda sau da yawa ake gane ta da shuɗin launi a ciki. Ƙaramin abu, wallahi, amma ya isa ya sa a ce na'urar miliyoyi “ba ta aiki”.

Muka wuce nan, sai hoto ya riƙa tsayawa yana sanƙarewa. Laftof irin wannan katin hoto biyu gare ta, ƙarami mai tattalin batir da babba mai ƙarfi, kuma idan ba ka shiga saitin ka ce wannan manhaja da babban za ta yi aiki ba, ƙaramin za ta kama. Haka kuma idan ba a jone take da wuta ba, tana rage wa kanta ƙarfi. Maganar wuta kuwa kowa ya sani. Ni da na tashi a gefen tafkin da aka tara domin madatsar Kainji, wadda aka gina don ta ba da megawat 960, na saba da ga ƙoshi ga kwanan yunwa tun ina yaro. A makaranta ma sai muka riƙa bin lokacin janareta.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne lasisi. Manhajar ta nemi a shiga da asusun da aka yi wa na'urar rajista. Babu wanda ya san shi a sashen. Aka bincika fayil, aka ga yaron ɗan kwangilar da ya kawo kayan shi ya yi rajistar da imel ɗinsa na kansa, ya tafi da kalmar sirrin a aljihunsa. Lambar wayar da ke takardar ba ta shiga. Sai da malamin ɗaki ya rubuta wa masu na'urar, ya tura hoton lambar jikinta da rasiti, muka jira fiye da mako ɗaya kafin a sake buɗe mana. Ku duba fa: kayan makaranta, da kuɗin jama'a, amma makullinsa yana hannun wani yaro da ko sunansa ba a rubuta ba. Da mota aka saya, akwai wanda zai karɓe ta babu makulli babu takardu?

Na ƙarshe shi ne allon daidaitawa, kuma a nan ne na fahimci abin da ake koya mana a aji game da awo. Sikana ba ta san komai ba sai ta san tazarar da ke tsakanin kyamarorinta da kusurwar da kowace ke kallo, daidai wa daida. Girgizar mota a hanya ko zafin ɗaki suna iya motsa wannan da ɗan abin da ido ba zai gani ba, amma awo zai ɓaci. Don haka ake haɗo ta da wani allo mai ɗigo-ɗigo da aka san tazararsu sarai. Za ka nuna mata allon ta fuskoki daban-daban, kusa da nesa, manhaja ta gwada abin da ta gani da abin da ta sani, ta gyara kanta. A na'urori da yawa kowane allo da na'urarsa yake, ba a aro. Namu ba ya cikin kwalin. A sito muka same shi, an jingina shi da kwalayen majigi, mai sito ya ɗauka wani allon talla ne. Allah ya taimaka ledarsa ba ta fita ba, don da ya karce da shi ke nan.

Ranar da ta tashi, farfelar kawu muka fara ɗorawa. Ba ta ɗauku ba. Ƙarfe mai sheƙi yana watsar da haske, haka abu baƙi ƙirin yana shanye shi, gilashi kuma haske ratsa shi yake yi ya wuce. Akwai feshi na musamman da ake saya don wannan, ba mu da shi. Wata 'yar ajinmu ta buɗe jakarta ta miƙo mana farar hoda, muka barbaɗa sama-sama. Sai ga farfela tana fitowa a fuskar kwamfuta, ɗigo bayan ɗigo, har tabon waldar. Malamin ɗaki ya tashi daga kujerarsa ya zo ya tsaya a bayanmu ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce, “Kai, ashe haka take.” Shekaru yana gadin ta.

Ba na ganin laifinsa, kuma ina so a ji wannan da kyau. Babu wanda ya tura shi horo. An miƙa masa kaya an ce ya sa hannu, idan ya lalace a albashinsa za a cire. Wanda aka yi wa haka, kulle kabad shi ne hankali. Masu cewa idan aka bar ɗalibai suka taɓa kayan nan za su lalata, su ma suna da gaskiyarsu, na ga yadda wasunmu ke fizgar waya kamar suna cire rogo. Amma na'urar da ke cikin kwali ita ma lalacewa take yi, a shiru. Manhajarta tana tsufa, Windows tana sauyawa, kamfani yana daina kula da tsohon samfuri, wa'adin garanti yana ƙarewa. Ranar da za a buɗe ta sai a tarar ta mutu ba tare da ta yi wa kowa aikin kwabo ba. Gara ta lalace a hannun ɗalibi na ɗari da ya koyi aiki da ita.

Mu ɗalibai ma da namu. Mun iya sauke gem da manhajar caca, mun iya neman intanet na ɓagas ta kowace kafa, amma idan aka zo girka manhajar aiki sai danna-gaba, danna-gaba, gama. Ba ma karanta abin da kwamfuta ke faɗa mana. Kwana biyun da muka ɓata kan direba, saƙon yana nan ƙarara a gabanmu. Kuma da abu ya ƙi, tunaninmu na farko shi ne mu nemo manhajar sata a filash ɗin wani, mu cika kwamfuta da bairos. Alhali a wannan fanni akwai kayan aiki na halal kyauta. MeshLab, da masu bincike suka yi a Pisa ta Italiya, yana share siffa ya toshe ramuka ya auna. CloudCompare yana ɗora siffa biyu ya nuna maka da launi inda suka bambanta, da shi na gwada tsohuwar farfela da sabuwa. Blender da FreeCAD suna nan. Meshroom kuwa yana gina siffar 3D daga hotunan waya kawai, kodayake shi ma yana son katin NVIDIA kafin ya yi aiki sosai. Ko RealityCapture da a da ake saya da tsada, tun 2024 ɗalibi yana iya amfani da shi kyauta.

Wani zai ce, to an tashe ta, sai me? Wannan ba wasan 'yan birni ba ne? Kawuna ma kusan haka ya tambaye ni.

Da hutu na koma gida. Sikanar makaranta ba a fita da ita, kuma ko an fita ba za ta yi jirgi ba, don ƙananan abubuwa aka yi ta, hasken rana ma yana makantar da ita. Sai na bi ɗaya hanyar, ta hotuna. An jawo jirgin kawu tudu ana yi masa gyara. Da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi ta jefa inuwa, na zagaye shi da wayata ina ɗauka, taku ɗaya hoto ɗaya, kowane hoto ya haɗa da fiye da rabin na bayansa, zagaye ɗaya a tsaye, ɗaya a tsugune. Na shimfiɗa awon tela a ƙasa don manhaja ta san girman abin, in ba haka ba ba za ta bambance jirgi da cokali ba. Yara suka taru suna dariya, wai ɗan boko yana yi wa jirgi hoton fasfo. Da na dawo makaranta laftof ta kwana tana lissafi, gari ya waye da jirgin kawu a cikinta, har facin kwanon da aka buga a gefensa.

Na tura masa bidiyon ta wayar ɗansa, sannan na kira. Ya ce, “Na gani, ya yi kyau. To ɗana, wannan hoton zai hana jirgi nutsewa?”

A Warra wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse a ruwanmu, kaɗan ne suka fita da rai. Kwanaki ana tsamo gawawwaki. Ni ina gida a lokacin, kuma ba na son in bayyana abin da na gani a bakin ruwa. Allah ya jiƙansu da rahama. Don haka na ba kawu amsa ta gaskiya: a'a. Hoto ba ya hana lodi fiye da kima, ba ya sa wa mutum rigar kariya, ba ya cire kututture, ba ya ganin ruɓewar da ke cikin katako ko ƙusar da ta yi tsatsa. Duk wanda ya ce maka fasaha kaɗai za ta magance haɗarin jirgi, wani abu yake son sayar maka.

Amma akwai abu ɗaya da zai iya yi, kuma babba ne. Lita ɗaya ta ruwan tafki kilo ɗaya ce, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi tan ɗaya ke nan. Jirgi yana nutsawa ne har sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa da na kayan da ke ciki. Wannan mun karanta shi tun shekarar farko. Matsalar ita ce jiragenmu ba a zana su a takarda, kowane da siffarsa, don haka babu wanda zai iya lissafa maka yawan ruwan da cikinsa ke turewa. Idan kana da siffarsa a kwamfuta kuwa, sai ka yanka ta a kowane tsayi ka ga nauyin da zai kai jirgin nan wurin. Daga nan za a iya cewa wannan jirgi, idan an bar masa tazarar da ta dace tsakanin ruwa da baki, buhu kaza da mutum kaza zai ɗauka, a ja layi da fenti a jikinsa. Ingila ta sa irin wannan layi a doka tun 1876, bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisa Samuel Plimsoll, har yau da sunansa ake kiran layin a manyan jiragen duniya. Amfaninsa shi ne ko wanda bai yi boko ba yana gani. Tsohuwa mai kai albasa kasuwa za ta iya duba gefen jirgi ta ce ruwa ya haura layi, ni ba zan shiga ba. A yanzu da me za ta yi gardama da mai jirgi? Sai dai ta ce bismillah ta zauna.

Ba ɗalibi ne zai yanke inda layin zai tsaya ba, wannan aikin hukumar kula da hanyoyin ruwa ne, NIWA, da injiniyoyin da suka san daidaiton jirgi da ƙarfin katako. Amma awon kansa, wa zai yi? Jirage nawa ne daga Yauri zuwa Warra, da tungayen Shanga, da tsallaken Neja? Ba za a ɗauko mutane daga Legas su bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Mu ne ya kamata, 'ya'yan wurin, da muka san masu jiragen, muka san da wace gaisuwa ake shiga wurin sarkin ruwa. Da ɗan gari akan ci gari. Amma ɗan garin sai ya iya tayar da manhaja tukuna.

Akwai kuma abin da ya fi taɓa ni, ko da yake ba shi da gaggawa irin ta rai. Mutumin da ya haɗa jirgin kawu tsoho ne yanzu. Ba shi da zane, ba shi da takarda, ido ne da igiya da abin da ya gada. Ya san yadda za a ɗaga goshin jirgi don igiyar ruwan da iska ke tayarwa a tsakiyar tafki, wanda ya sha bamban da kwale-kwalen kogi. 'Ya'yansa sun koma acaba da haƙar zinariya. Ana kuma ta maganar a daina jiragen katako a koma na faiba. To idan za a yi na faiban, da wace siffa za a zuba su? Da ta wani ruwa can da ba namu ba, ko da wadda mutanenmu suka gwada shekara da shekaru? Mu mutanen wannan yanki mun san yadda abu ke ɓacewa. Da ruwa ya taru a 1968, tsohuwar Bussa ta tafi, tsibiran Gungawa da dama suka tafi, aka tayar da dubban mutane zuwa sababbin garuruwa. Masu binciken kayan tarihi sun yi ɗan haƙa cikin gaggawa kafin ruwan ya iso, sauran sai a bakin kakanninmu. A lokacin babu wannan fasaha. Yanzu akwai ta, tana cikin kabad.

Dubi abin da ya faru a Faris. Wani malamin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya auna cocin Notre-Dame da sikanar leza, ɗigo sama da biliyan ɗaya. Ya rasu a 2018, gobara ta ci ginin a Afrilun 2019, awonsa yana nan ya zama shaidar yadda ginin yake. A nan Afirka, shirin Zamani na Jami'ar Cape Town ya daɗe yana irin wannan aiki a wurare kamar Lalibela da Kilwa da Jenne. A ƙasarmu kuma muna da kwale-kwalen Dufuna da aka gano a 1987 a inda yake jihar Yobe yanzu, mai shekara kusan 8,000, ɗaya daga cikin mafi tsufa a duniya. Ƙasa ce ta adana mana shi, da sa'a. Jiragen Warra ba za su sami wannan sa'a ba, idan sun tsufa itacen girki suke zama.

Shi ya sa ma nake jan kunnen duk wanda zai yi wannan aiki: kada ka bar siffarka a cikin fayil ɗin da manhajar kamfani kaɗai ke buɗewa. Ranar da lasisi ya ƙare aikinka ya kulle. Fitar da ita a PLY ko OBJ ko STL, waɗanda kowace manhaja ke karantawa, ka rubuta kwanan wata da wurin da ma'aunin da ka yi amfani da shi, ka ajiye a wuri biyu. Mu mun koyi wannan ne bayan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, awon yini guda ya tafi.

Abin da nake nema daga ƙungiyarmu ba mai tsada ba ne. Shugabanninmu suna zama da hukumar makaranta kan ruwa da hostel da kuɗin rajista, kuma sun kyauta. Su ƙara da wannan: duk na'urar da za a saya, kada a sa hannu cewa an karɓa sai an tashe ta a gaban malamin ɗaki da wakilan ɗalibai, ta yi aiki a kan kwamfutar da za ta zauna da ita. Rajista da imel ɗin sashe, kalmar sirri a ofishin shugaban sashe. Idan kuɗin bai isa na'ura da kwamfutar da ta dace da horon ma'aikaci ba, a sayi ƙarama mai arha a cika sauran, ko ma a sayi kwamfuta mai ƙarfi guda ɗaya a fara da hotunan waya, tunda kowa yana da waya. Sannan girka manhaja ya shiga cikin firatikal, da maki. A ba rukunin ɗalibai kwamfuta wayam da na'ura da littafinta, a ce su tashe ta, su daidaita, su auna abin da aka riga aka san girmansa da kalifa, su faɗi kuskurensu milimita nawa ne. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ba zai ji tsoron kowace na'ura ba a wurin aiti ko wurin aiki, ko ta asibiti ce ko ta safiyo. Kuma a zagaya sauran sassa a buɗe kabad-kabad, don na tabbata ba mu kaɗai ke da farin kwali ba.

Mu dai mun rubuta duk matakan da muka bi a shafi biyu, da Turanci da Hausa, mun liƙa a cikin murfin kabad ɗin, mun bar kwafin manhajar da direbanta a filash wurin malamin ɗaki. Har yanzu da laftof ɗin abokina take aiki, shi kuma zai gama a ƙarshen wannan zango ya tafi da abarsa. Na faɗa wa shugaban sashe, ya ce a rubuto. Mun rubuta. Kawu kuma ya aiko cewa idan na zo hutun sallah akwai masu jirgi biyu da ke son a yi wa nasu, ɗaya ma ya tambaya ko nawa ake biya.